LASIK, PRK, SMILE, ko dai a zauna da tabarau? Yadda ake zaɓen aikin leza na gyaran gani

Wanda ya gaji da tabarau a Aboabo ko Asawase a Kumasi, in ya ji labarin ana gyara gani da leza, abu biyu yake fara tambaya: nawa ne, kuma wanne ya fi kyau. Ta biyun ba ta da amsa sai an auna idonsa. LASIK da PRK da SMILE duk wuri ɗaya suke taɓawa, wato koniya, fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido ta gaba, wadda ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske zuwa bayan ido. Kaurinta a tsakiya rabin milimita ne da ɗan ɗori, kimanin maikiron 540, kuma ta mutanen Afirka ta Yamma a matsakaici takan ɗan gaza haka. Leza rage wannan kaurin take yi don ta sauya lanƙwasar koniyar, abin da aka cire kuwa ba ya sake tsirowa.

A fara da takardar tabaranka. Lambar da ke ƙarƙashin SPH in tana da alamar ragewa, kamar -3.00, ba ka hangen nesa ke nan. In alamar tarawa ce, idonka na wahala ne da abin da ke kusa, wani lokaci har da na nesa. Lambar CYL ita ce astigmatizim, wato koniyar ta fi lanƙwasa ta wani gefe fiye da wani. Ma'aunin sunansa diyofta. Leza ta fi ba da sakamako mai tabbas daga -1.00 zuwa wajen -8.00. Ana iya kaiwa -10.00 idan koniyar na da kauri, amma a nan an fara matsa mata. Masu alamar tarawa kuwa, da an wuce +4.00 sakamakon ba ya zama daram, lambar takan so dawowa. Dole kuma lambar ta tsaya: shekara guda cur ba ta motsa fiye da 0.50 ba, mutum ya kai shekara 18, kuma likitoci da yawa sun fi son a kai 21.

PRK ce babba a shekaru. A Amurka an amince da ita tun 1995. Ana ɗiga maganin kashe zafi, a kankare fatar saman koniya mai kaurin maikiron 50 ko kusa da haka, sai lezar da ake kira eksima ta sassaƙa abin da ke ƙasa cikin daƙiƙu kaɗan. A ƙarshe a ɗora wani siririn gilashin mannawa a matsayin bandeji na kwana 4 zuwa 5, har fatar ta sake rufewa. LASIK, wadda ta bazu a ƙarshen shekarun 1990, ba ta kankare fatar. Marfi ake yankawa a saman koniya, a bar shi maƙale ta gefe ɗaya, a ɗaga, a sassaƙa ƙasansa da wannan lezar dai, a mayar da shi ya kwanta ba ɗinki. Idan lezar femto ce ta yanka marfin, kaurinsa yakan tsaya tsakanin maikiron 100 da 120. Idan ƙaramar wuƙar inji ce, yakan fi kauri kuma ba a cika samunsa daidai ba, don haka ka tambaya da wanne za a yi maka. SMILE ita ce auta, da injin kamfanin Zeiss ake yin ta, Amurka ta amince da ita a 2016. Lezar femto ke zana ɗan faifai a cikin naman koniya, likita ya zaro shi ta wata kafa ta milimita 2 zuwa 4. Babu marfi.

A dukansu ukun kana farke, babu allura, babu maganin barci. Akwai ɗan ƙarfen da ke riƙe fatar ido don kada ka ƙifta, lezar eksima kuma tana bin motsin ido, in ya kauce da yawa ta tsaya da kanta. A LASIK da SMILE za ka ji an danna idon na wasu daƙiƙu, a LASIK gani ma yakan dushe a lokacin, ba abin tsoro ba ne. Ido biyu ba su cika wuce minti 20 zuwa 30 ba.

Lissafin da ke raba gardama

Kowace diyofta ɗaya tana cin kimanin maikiron 12 zuwa 15 na koniya, gwargwadon faɗin wurin da aka sassaƙa. Abin da ya rage a ƙasa ba a taɓa shi ba bai kamata ya gaza 250 ba, kuma yawancin likitoci yanzu ba sa yarda ya sauka ƙasa da 300. Ɗauki mai koniya 520 da lamba -6.00. A maikiron 14 kowace diyofta, za a cire 84. Marfi ya ɗauki 110. Saura 326, LASIK ta yiwu. Ɗauki kuma mai koniya 490 da lamba -7.00: za a cire 98, marfi 110, saura 282. Wannan ya shiga wurin haɗari, don marfin ko an mayar da shi ba ya ƙara wa koniya ƙarfi. Shi wannan idon in aka yi masa PRK, fatar sama 50 kawai ake debewa kafin 98 ɗin, saura 342. Shi ya sa ake tura masu siririyar koniya wajen PRK. Sha'anin kamar na tela ne da yadi: kafin a sa almakashi ake awo.

Kauri kaɗai bai isa ba. Gwajin da ya fi komai muhimmanci shi ne taswirar koniya, wadda ake ɗauka da inji irin Pentacam, yana nuna lanƙwasar gaba da ta baya. Abin da ake nema shi ne keratokonas, cutar da koniya ke yin laushi tana tsinin gaba. A farkonta tabarau na gyara gani sarai, mai ita bai san yana da ita ba. Aka yi wa irin wannan idon LASIK ko SMILE, bayan watanni ko shekaru koniyar sai ta bulluƙo, gani ya lalace ta yadda tabarau ba zai iya gyarawa ba, a koma neman aikin ƙarfafa koniya da sinadarin ribofilabin da hasken UV, ko ma dashe. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yara da yawa a zango suna tasowa da ƙaiƙayin ido na shekara da shekaru, farin idonsu ya yi ruwan ƙasa, suna murzawa dare da rana, murzar ido kuwa na da alaƙa mai ƙarfi da keratokonas. In ka taso haka, ko lambar CYL ɗinka tana ta hawa, ko wani a gidanku yana da cutar, ka faɗa wa likita tun bai tambaya ba. Duk wurin da ya ba ka ranar aiki bai ɗauki taswirar nan ba, ka ɗauki takalmanka.

Mai sa gilashin mannawa, wanda ake ce wa kwantak, sai ya ajiye shi kafin awo, domin yana danne siffar koniya: mai laushi mako 1 zuwa 2, mai tauri mako 4 ko fiye.

Zafi, jinya da irin sana'arka

A nan LASIK ta yi wa PRK nisa. Raɗaɗi da hawaye na awa 4 zuwa 6, ka yi barci, washegari yawanci ka ga allon gwaji tar, bayan kwana 1 ko 2 a ba ka izinin tuƙi. SMILE ma kusan haka, sai dai ganin kan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya washe sosai. PRK kuwa gaskiya tana da zafi: kwana 2 zuwa 3 ido na ruwa, haske na damunka, ba ka son buɗe shi. Aiki sai bayan mako guda, tuƙi mako 1 zuwa 2, kaifin gani na ƙarshe wata 1 zuwa 3. Amma in aka auna bayan wata 6, ga lambobi matsakaita, sakamakon ukun ya yi kusa da juna ƙwarai. Abin da kake saye da LASIK saurin warkewa ne, ba ƙarin gani ba.

Farashin wannan saurin shi ne marfin. Ba ya taɓa haɗewa da ƙarfinsa na asali, kuma duka mai ƙarfi a ido na iya gusar da shi ko bayan shekaru, ko da yake hakan ba ya yawan faruwa. Ɗan damben Bukom, soja, ɗan sanda, ɗan ƙwallo, makaniken Suame Magazine da tartsatsin ƙarfe ke tashi a gabansa, waɗannan PRK ko SMILE ta fi dacewa da su. Malamin makaranta, ma'aikacin banki, mai shago a Kejetia da ba zai iya rufe shago mako biyu ba, in koniyarsa ta ba da dama, LASIK ba laifi. Sauran matsalolin marfi su ne tattarewa a kwanakin farko in an murza ido, kumburi a ƙarƙashinsa wanda ake kashewa da maganin ɗigawa in an gano da wuri, da kutsawar fatar sama ƙarƙashinsa. Dalilin da ya sa ganin likita washegari ba abin wasa ba ne ke nan.

Ita PRK matsalarta hazo ne, wani farin tabo siriri da kan fito a koniya bayan wata 1 zuwa 3, musamman ga mai babbar lamba da wanda ke yawan shiga rana. Ana rage shi da maganin mitomaisin mai ƙarfin kashi 0.02 cikin 100 da ake shafawa na ƙasa da minti ɗaya lokacin aikin, da kuma sa baƙin tabarau mai tare UV na watanni. Da irin ranarmu, wannan sharaɗi ne, ba ado ba. SMILE kuma in injin ya saki ido a tsakiyar aiki akan dakata ko a juya zuwa wata hanyar, kuma in lambar ba ta fita duka ba, gyaran ta ya fi wuya, yawanci PRK ake yi a kai. An fi yin ta ga marasa hangen nesa da masu astigmatizim, injinta na da tsada, ba kowace cibiya ke da shi ba.

Bushewar ido ita ce ƙorafin da ya fi yawa. Jijiyoyin koniya su ke sanar da ido ya yi hawaye. Yankan marfin LASIK, wanda zagayensa ya kai wajen milimita 20, yana tsinka da yawa daga cikinsu, SMILE da PRK ba su kai haka ba. Yawanci abin kan lafa cikin wata 3 zuwa 6, wasu kaɗan ya zauna musu. A binciken PROWL da hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta jagoranta, har kashi 28 cikin 100 na waɗanda ba su da bushewar ido kafin LASIK sun same ta a wata na 3, kuma har kashi 46 cikin 100 na waɗanda ba su da wata damuwar gani sun ba da labarin sabon abu, kamar zobe ko tartsatsi a kewayen fitila. Waɗanda abin ya hana su harkokinsu ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Direban da ke kwana a hanyar Kumasi zuwa Tamale ya auna wannan da kyau, ya kuma nemi a auna faɗin ɗan baƙin tsakiyar idonsa a cikin duhu. Game da lokaci, in da hali a kauce wa hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu: iska busasshiya ce, ga ƙura. Haka in ciwon jan ido na Apolo na yawo a unguwa, ko wani a gida ya kamu, a ɗaga ranar.

Shekara 40, da batun hawan jinin ido

Leza ba ta hana tsufan ido. Tsakanin shekara 40 da 45 madubin cikin ido yakan fara tauri, karatun kusa ya yi wuya, ko an yi aiki ko ba a yi ba. Ga abin da ake yawan mantawa: mai -2.00 ɗan shekara 45 yana cire tabarau ya karanta Alƙur'ani ko ya zura zare a allura ba wahala. Aka goge masa lambar nan, zai ga nesa garau, amma sai ya nemi tabaran karatu. Ga tela ko mai gyaran waya wannan asara ce. Akwai dabarar gyara ido ɗaya don nesa a bar ɗayan da ɗan ragi don kusa, amma a gwada ta da kwantak na wasu kwanaki tukuna, ba kowa kansa ke ɗauka ba. Wanda ya haura 55, ko yanar ido ta fara masa, ya bar zancen leza: aikin cire yana da sa sabon madubi zai gyara lambar gaba ɗaya.

Gilakoma, wadda ake kira hawan jinin ido, ita ce dalilin da ya sa mutumin Ghana ba zai ɗauki shawarar da aka rubuta don Turai yadda take ba. Binciken ido da aka yi a Tema ya samu kusan mutum 7 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da ita, kuma rashin hangen nesa kansa yana ƙara haɗarin. Abu biyu ke haɗa ta da leza. Na ɗaya, maganin sitiroyid da ake ɗigawa bayan aiki yana ɗaga matsin ido ga wasu mutane. Bayan LASIK mako 1 zuwa 2 ake yi ana ɗigawa, bayan PRK kuwa wata 1 zuwa 3, don haka mai PRK sai an riƙa auna matsin idonsa a duk zuwa. Kada ka sayi ƙarin kwalba a kemis don ka ji daɗinsa. Na biyu ya fi ɓoyuwa: na'urar auna matsi ta dogara da kaurin koniya, in koniya ta sirance sai ta riƙa nuna lamba ƙasa da gaskiya. Ana ɗaukar 10 zuwa 21 a matsayin daidai, to mutum na iya zuwa a ce masa 17 alhali ya wuce haka. Duk inda za a auna idonka har ƙarshen rayuwa, ka ce an taɓa yi maka leza, a duba jijiyar gani kanta. Mai gilakoma a jiki ko a dangi na kusa sai an yi masa hoton jijiya da gwajin faɗin gani kafin a yi maganar aiki.

Bayan ido ma sai an buɗe shi da magani an duba. Mai babbar lamba idonsa dogo ne, ratinarsa, wato fatar bayan ido da ke karɓar haske, a miƙe take, haɗarin ɓallewarta yana nan ko ya yar da tabarau. Masu sikila, musamman nau'in SC da ke da yawa a Ghana, sukan samu matsalar jijiyoyin jini a ratina ba tare da sun ji komai ba.

Wasu kuma jira ya kamace su ko haƙura: mai ciki da mai shayarwa, don lambar kan motsa, mai ciwon sukari da bai daidaita ba, mai lufus ko sanyin gaɓoɓi irin na rumatoyid, mai shan isotiretinoyin na ƙurajen fuska, mai tsohuwar hakiya ko ciwon hapis a koniya. Mai lamba sama da -10.00, ko mai koniyar da ba ta isa ba, yana da ICL: madubi ne ake sakawa cikin ido a gaban na halitta, yana kaiwa har wajen -18.00 zuwa -20.00, ba a taɓa kaurin koniya, kuma ana iya cire shi. Amma shiga cikin ido ne, yana buƙatar zurfin gaban ido na wajen milimita 3, yana iya jawo yana ko hawan matsi, ya kuma fi tsada. Tabarau kuwa ba ya jawo ko ɗaya daga cikin abubuwan da aka lissafa, mai -1.50 da bai dame shi ba babu abin da ke korar sa.

Kuɗi, wuri da tafiya

Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, tana ɗaukar gwajin lambar ido da aikin yana, amma ba ta biyan leza ta ajiye tabarau, daga aljihunka ne. Hanya mai kyau ita ce ka fara da cikakken gwaji a wurin da ba shi ne zai sayar maka da aikin ba, kamar sashen ido na asibitin Komfo Anokye a Kumasi ko na Korle Bu a Accra, sannan ka tafi cibiyar leza da sakamakonka. Mai yin aikin dole ya zama likitan tiyatar ido mai rajista da Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Ghana. Masanin gwajin tabarau yana awo ne, ba ya yanka. Idan an faɗa maka farashi, ka tambaya na ido ɗaya ne ko biyu, ko ya haɗa da gwaje-gwaje da magunguna da dawowa, da kuma wa zai biya in an buƙaci ƙarin gyara, wanda ba a yi sai lambar ta tsaya bayan wata 3 zuwa 6. Ka tambayi yaushe aka yi wa injin sabis, da abin da ke riƙe shi in wuta ta ɗauke. Wanda ya ga dumsor ba zai ji kunyar wannan tambayar ba.

Dawowa wurin likita yawanci washegari ne, sai mako 1, wata 1, wata 3. Mutumin Kumasi da zai yi a Accra ya shirya kwana a can, in PRK ce har a cire bandejin. Masu zuwa Indiya, Turkiyya ko Dubai su zauna aƙalla mako guda, kuma tun kafin su tashi su san likitan da zai karɓe su a gida.

Makon farko ruwan famfo ko na rijiya kada ya shiga idon. A alwala a rufe ido a wanke fuska a hankali ba tare da watsa ruwa ba, ko a tambayi malami game da sauƙin da aka yi wa majinyaci. Sujada ba ta da matsala muddin hannu ko darduma ba su taɓa idon ba. Kwalli da kwalliyar ido a ajiye su aƙalla mako 2, iyo wata guda, a kwana da murfin roba da aka ba ka na mako 1, hayaƙin gawayi da hawa babur ba tabarau a bar su tukuna. Tunda ɗigawa ake yi sau 4 ko fiye a yini, kuma malamai sun saɓa kan ɗiga magani da azumi, ya fi sauƙi a sa aikin a wajen Ramadan, a kuma bar tazarar watanni kafin tafiya Hajji saboda zafi da ƙura.

Ranar da za a sallame ka, ka karɓi kwafin takardun kafin aiki: tsohuwar lambarka, kaurin koniya, lanƙwasarta, matsin ido, da yawan abin da aka cire. Likitan da zai yi maka aikin yana nan da shekara 20 ko 30 zai buƙace su wajen lissafin madubin da zai saka, don lissafin da aka saba yakan kuskure a idon da aka yi wa leza. In kuwa zafi ya ƙaru maimakon ya ragu, ko gani ya faɗi bayan ya washe, ko ka ga farin ɗigo a baƙin ido, ko kwantsa mai yawa, ko wani abu ya bugi idon, a ranar za ka koma asibiti, ba sai ranar da aka rubuta maka ba.